Tukunyar Sarƙar Baffa

Daga Allah muka fito, kuma komai daɗewar cin kasuwar nan, gare Shi za a tattara kaya a koma. Baffana, yayan mahaifina, ya riga mu tafiya wata Asabar bayan la'asar, a zauren gidansa da ke Gyadi-Gyadi. A shekarar ne soja suka koma bariki suka bar wa farar hula mulki, hotunan 'yan takara ma ba su gama ɓanɓarewa daga bangon unguwa ba. Allah Ya jiƙansa, Ya yalwata masa makwanci.

Da na so in yi shiru in bar shi da addu'a kawai. Abin da na ji kuma na gani a zaman makokinsa ne ya hana ni, domin na lura mutumin da ake ta yabo a kan tabarmin nan ba shi ne muka kai maƙabartar Tarauni ba.

"Mutum ne mai haƙuri," in ji wani mai babbar riga da ban taɓa gani a gidan ba. "Bai taɓa ɓata wa kowa rai ba."

Aka amsa da "Ƙwarai kuwa." Cikin masu amsawar har da maƙwabcin da Baffa ya taɓa fasa wa randa a gaban matansa.

Ba haka Baffa yake ba. Ya yi aikin duba-gari har ya yi ritaya, kuma ɓata wa mutane rai na cikin aikin. Ta'aziyya ɗaya ce ta gaskiya na ji a kwanakin nan, daga bakin wani tsohon mahauci da ya zo da sandarsa, ya ƙi zama, ya ce, "Malam ya taɓa sa ni na binne rabin sa da hannuna. Na yi shekaru ba na gaishe shi. Amma fa naman nan ya tashi, na sani, shi ma ya sani. Allah Ya jiƙansa." Ya shafa fatiha ya juya. Ba wanda ya kula shi, don a lokacin motocin abokan babban ɗan marigayin sun fara tsayawa a bakin titi.

Babban ɗan nan ya shiga siyasa a shekarar, ya samu ɗan abin da ya samu, har an fara kiransa da laƙabin da ake kiran irinsu. Mutanensa suka cika lungun. Suka sha ruwan leda suka watsar da ledojin a kwatar da Baffa yake sharewa da kansa kowace safiya. Suka yi ta zancen wa za a ba kujera kaza, in an shigo da sabon baƙo su ɗaga hannu su shafa, kafin tafin ya sauka daga fuska sun koma kan zancensu.

A kusurwar zauren kuwa babur ɗin Baffa na tsaye a kan ƙafarsa ta tsakiya, yadda ya bar shi. Tayar baya a cire, an jingine ta da bango. Notuna suna jiƙe a kwanon kananzir. Ga wata baƙar tukunya, sabuwar sarƙa na kwance a cikinta, giris ya daskare a kanta. Da idona na ga wani ya ɗora takalmansa a kan kujerar babur ɗin don kada a sace. Wani kuma ya gama tauna goro, ya waiga bai ga inda zai tofar ba, ya sunkuya ya tofa a kwanon notunan. A gidan Baffa! Na tashi na ɗauke kwanon.

"A fitar da tarkacen nan," in ji babban ɗan. "Manya za su zo. A kira bakaniken bakin titi ya harhaɗa shi yadda zai turu, a kai shi bayan gida."

Sai muryar Inna, matar marigayin, ta fito daga bayan labulen ƙofar cikin gida. Ba ta ɗaga ta ba.

"Kada wanda ya taɓa min shi."

"Inna, mutunci ne..."

"Na ce kada a taɓa."

Ya sa aka lulluɓe shi da tsohuwar tabarma. Haka manyan suka zo suka tafi, ba wanda ya tambayi abin da ke ƙarƙashi.

To, bari in faɗi wane ne mai babur ɗin.

Dogo ne, siriri, mai yawan yamutsa fuska. Kalmar da ta fi yawa a bakinsa ita ce "tir." In ya shiga gida, kafin gaisuwa ta ƙare idonsa ya kai kan murfin randa. Ba ya cin abincin biki, ba ya shan ruwa a moɗar masallaci, yana da butarsa da ba a ara. Muna yara mukan ɓuya in mun hango shi, don sai ya juya hannayenmu ya duba farce. Yakan ce, "Ƙazanta ba ta ɓuya, jinkiri kawai take yi." Ba shi da daɗin zama, ba zan yi masa ƙarya ba yana cikin kabari. Amma lokacin da amai da gudawa suka shigo lungunmu, mutane suna gudun gidajen da abin ya faɗa, shi ne ya naɗe hannun riga ya shiga yana wanke shimfiɗun marasa lafiya, yana tsaki yana wankewa.

Yana da yaya mace, Gwaggonmu, da ke zaune a Tarauni can cikin wani lungu da mota ba ta shiga. Tun suna yara ba sa jituwa. Ita tana kiransa Duba-gari, ko a gaban surukai. Shi kuma yana ce mata Yaya, amma da irin muryar da ake kiran mai laifi. Da girma ya zo mata sai ciwon suga ya kama ta, ƙafafu suka yi nauyi, aka sa mata ranar Talata a asibitin koyarwa. Tun daga nan, kowace Talata bayan asuba Baffa zai tayar da babur ya nufi Tarauni, ya shiga har ƙofar ɗakinta, ya ɗauko ta. Tafiyar duka faɗa ce.

"Duba-gari, ramin nan fa? Ko sai ka duba shi tukuna?"

"Yaya, ki riƙe bakinki ki riƙe ƙarfe."

"Ƙarfen zan riƙe. Bakin nawa ne."

Wata rana ya kai babur ɗin gareji aka canza masa sarƙa. Bakaniken ya ga mayar da murfin sarƙar wahala ne, murfin nan na ƙarfe da ke rufe ta daga sama har ƙasa, sai ya ɗaura rabi ya jefa rabin a bayan shago. Baffa bai lura ba, abin da bai taɓa yafe wa idonsa ba ke nan. Talata ta zo, sun baro Tarauni, gefen mayafin Gwaggo ya sauka, sarƙa ta cafke shi. Ta fizgo ta ta wuya ta buga da ƙasa. Allah Ya kiyaye ba gudu yake ba. Ta tashi da tabo daga kunne zuwa kafaɗa, kuma kanta a buɗe a tsakiyar titi, wanda ta ce ya fi ciwon zafi.

Bai je ya yi faɗa da bakaniken ba. Ya je ya tono rabin murfin daga cikin shara, ya kalli mutumin, ya ce "tir," ya tafi. Daga ranar ba wani hannu da ya sake taɓa sarƙar babur ɗin nan sai nasa. Ita kuma Gwaggo ta rantse ba ta ƙara hawa bayan kowa ba sai bayan Duba-gari, wai shi ne ya kayar da ita, shi ya san nauyin alhakin.

Canjin sarƙa a wurin Baffa aikin yini ne. Zai share zaure, ya shimfiɗa buhu, ya jera sufana da filaya kamar kayan wanzami. Ba ya sa sabuwar sarƙa a kan tsofaffin faifai masu haƙora, na gaba da na baya duk tare yake canzawa, wai tsohon haƙori cinye sabuwar sarƙa yake yi. A makokin na ji wani ɗan siyasa yana cewa ai habaici ne marigayin yake yi wa masu mulki. Ba habaicin komai. Baffa in ya ce sarƙa, sarƙa yake nufi.

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne dafa sarƙar. Yakan narkar da giris a wuta ya tsoma ta ciki, ta daɗe tana sha, sannan ya rataye ta ta tsane. Ya ce man da aka shafa a sama kwalliya ce, ƙura ce ke cin moriyarsa, wanda ya shiga cikin gaɓoɓi shi ne mai. A karon farko bai sami abin narkawa ba, Inna kuma ta tafi barka, sai ya ɗauki tukunyar miyarta. Ba kowace ba, wadda ta zo da ita daga gidansu.

Ina gidan ranar. Ta dawo ta tarar da hayaƙi mai wari ya cika tsakar gida, Malam na tsugune gaban murhunta yana juya sarƙa da muciya.

"Malam, me nake gani?"

"Aiki."

"A tukunyar da uwata ta ba ni? Kai da kake fasa randar mutane don ka ga ɗan gansakuka?"

"Wannan ba ƙazanta ba ce, mai ne."

"To bismilla. Ga tuwo can, sai ka ci da shi."

Ta daɗe ba ta yi masa miyar kuka ba, wadda ta san ita ya fi so. Ya sayo mata sabuwar tukunya ta ƙi ko kallonta. Har ya rasu, duk ranar da ya ɗauko baƙar tukunyar sai ta ce, "An fito da gadona." Amma ita ce take hura masa wutar, don ta ce in an bar shi zai ƙone gidan.

Akwai kuma buhun gero. In ya gama ɗaura sarƙa, ba ya yarda da tsaurinta sai ya gwada da nauyi a baya, domin sarƙa tana ƙara ɗaurewa in an zauna. Sai ya kinkimo buhun gero ya ɗora a mazaunin baya, ya sunkuya ya taɓa sarƙar da yatsa. Buhun nan a madadin Gwaggo yake. Yakan ce nauyinsu ɗaya, sai dai buhun ya fi ta kawaici. Magana ta kai kunnenta, ta aiko a gaya masa buhu ba ya yi wa mutum addu'a.

A kan wannan aikin ajali ya same shi. Ya cire taya, ya ɗaura sababbin faifai, ya dafa sarƙa, ya ce wa Inna bari ya ɗan jingina kafin ta huce. Da ta leƙo ta kira shi bai amsa ba. Ni da liman muka yi masa wanka. Mutumin da ya fi kowa tsafta a Gyadi-Gyadi ya cika da hannu baƙi ƙirin, mai ya shiga har ƙarƙashin farce. Babban ɗan ya leƙo ya gani, ya ce a yi sauri a rufe kada mutane su ce uban wane bakanike ne. Na naɗe hannun riga. Na sa aka kawo ruwan ɗumi da sabulu, na bi yatsun ɗaya bayan ɗaya a hankali, kamar yadda yake bin namu muna yara. Wani baƙin ya fita, wani ya ƙi. Da shi aka binne shi, kuma ban ga abin kunya a ciki ba.

Gwaggo an kawo ta makoki a goye, jikokinta suka ɗauko ta daga ɗaki zuwa titi, daga titi zuwa gidan. Ta ce wannan na mutuwar ɗan'uwa ne, ba za a sake goya ta a gaban jama'a ba tana da sauran numfashi. Ta zauna a ɗakin Inna. A lokacin akwai gyambo a ɗan yatsan ƙafarta da ake wanke mata a asibiti duk mako.

Talata ta zo. Babban ɗan ya ce, "Gwaggo, kwanan babur ya ƙare, mota za ta zo ta kai ki." Ta yi wanka ta yafa mayafi ta zauna. Motar ta tafi ɗauko wasu baƙi daga Hotoro, har azahar ba ta dawo ba. Wata Talatar ta zagayo, aka ce motar tana wurin taro. Na ce bari in kira ɗan acaɓa har ƙofar ɗaki.

"Ka taɓa ganin ɗan acaɓa da murfin sarƙa?" in ji ta. "Duk sun cire sun yar. Wuyan nawa guda ne."

"To Gwaggo, a taimaka miki zuwa titi, a ɗauki tasi."

"Alaramma," in ji ta, don haka take kirana, "in ka ga an ɗauke ni, to a makara ne."

A ranar na ji warin. Ɗakin Inna ne, ɗakin da ko ƙuda ba ya kwana, amma ga wani wari mai nauyi yana tashi daga tsumman da aka naɗe ƙafar. Wata ma'aikaciyar jinya da ke haya a maƙwabta ta shigo ta buɗe, ta rufe, ta ja ni waje ta ce in aka ƙara mako ba yatsa kaɗai za a yi magana a kai ba. A zaure kuwa ana ta dariya, ana rabon shinkafa.

Na sami babban ɗan na ce masa babur ɗin nan yanzu dukiyar magada ce, ina neman izini in taɓa shi. Ya ce in yi abin da na ga dama da shi. 'Yan'uwansa mata suka ce sun yarda. Ranar Litinin da hantsi, bayan tabarmi sun ragu, na share zauren na yaye lulluɓin.

Na iya tuƙi, Baffa ne ya koya min, kuma na sha zama ina kallonsa yana wannan aiki. Amma hannuna bai saba da komai ba sai alƙalamin kara da tawada. Na zubar da kananzir ɗin da aka tofa wa goro, na wanke notunan a sabo. Ina tunanin yadda zan ɓanɓaro sarƙa daga daskararren giris sai Inna ta fito, cikin kayan takaba, ta sunkuya ta ɗauki tukunyar. Jim kaɗan warin nan ya cika gidan. Daga ɗaki Gwaggo ta ɗaga murya.

"Wa yake dafa miyar Duba-gari?"

"Ni ce, Yaya."

"Ashe kin iya. Shekara da shekaru kina zagin tukunya."

"Tukunyata ce ai. In ban zage ta ba wa zai zaga?"

Na mayar da taya da ƙyar, ƙarfen da ke ratsa ta ya ƙi shiga sai da na tallafe ta da ƙafa. Na zura sarƙar ta faifan gaba, na zagayo da ita na baya, na haɗa bakin biyu. Akwai ɗan makulli siriri da ke riƙe mahaɗin, mai baki a buɗe ta gefe guda. Na tuna Baffa yana cewa rufaffen kan shi ke shiga gaba, buɗaɗɗen ya bi baya, in ba haka ba wani abu zai zare shi a hanya. Sau da yawa makullin yana tsalle daga filaya ina rarrafe ina nema. Na ja notunan gefe da gefe har taya ta tsaya sak. Gumi ya jiƙa min riga, na fasa ɗan yatsa, na yi "tir" ban san na yi ba.

Saura gwaji. Na duba inda buhun gero yake zama, babu shi.

"Inna, ina buhun Baffa?"

Ta ce matan da suka zo taya aiki sun gan shi a jingine, suka ɗauka na sadaka ne. Sun surfe shi sun daka gumbar sadakar uku. Wato mutanen nan masu babbar riga sun cinye ma'aunin Baffa, suna ci suna cewa bai taɓa ɓata wa kowa rai ba.

Ina tsaye ina tunanin inda zan aro buhu, sai na ji ana jan ƙafa. Gwaggo ce, ta dafa bango da hannu ɗaya, ɗayan a kafaɗar Inna.

"Me za a yi da buhu ga mai buhun? Matsa."

Na sauke babur ɗin daga ƙafarsa na riƙe shi da kyau. Muka taimaka mata ta hau. Ta tattare mayafinta ta cusa a cinya, ta zauna daram tana kallon bango. Inna ta karɓi riƙon kan babur ɗin, ni kuma na sunkuya na taɓa sarƙar. Ta yi tsauri kamar tsarkiyar baka. Da haka na fita da ita, Allah kaɗai Ya san inda za ta tsinke. Na sassauta kaɗan kaɗan har ta riƙa motsi kamar gaɓar yatsa, yadda yake barin ta. Sannan na ɗauko murfin, sama da ƙasa, na ɗaure kowane noti. Gwaggo ta leƙo ta ƙwanƙwasa shi da sandarta kafin ta yarda a sauke ta.

Da safe na shigar da babur ɗin har ƙofar ɗaki. Muka fito lungu a hankali, sarƙa ba ta ko ƙara. Muka hau titi. Can na faɗa wani ɗan rami da ban gani ba.

"Duba-gari, ramin nan f..."

Ta tsaya a nan. Na ji ta kama rigata ta baya, ta damƙe, ita da ba ta taɓa riƙe komai ba sai ƙarfe. Ba ta sake ta ba har ƙofar asibiti.

Yatsan ya tafi, likitoci suka ce an makara da shi. Ƙafar ta tsira. Ta koma Tarauni, ni kuma Talata ta zama tawa har ƙarshen kwanakinta. Tukunyar tana nan a wurin Inna, ba ta ba kowa aro, in lokacin canji ya yi ni nake zuwa gidan da sabuwar sarƙa a leda.

Ya Allah, bawanKa ya zo maKa da baƙin mai a farcensa, Ka fi kowa sanin inda ya samo shi. Ka wanke shi daga zunubi fiye da yadda ya wanke duk abin da ya taɓa, Ka haɗa shi da yayarsa a gidan da ba ciwo. Mu kuma in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.